Me ya sa mutane ke buɗe asusu a waya, sai su watsar da shi?

Zulaihat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni ga duk wanda ya san harkar kuɗi ta waya, ko yana aiki a cikinta ko amfani kawai yake yi da ita.

Ina aiki a sashen karɓar ƙorafi na wani kamfani mai manhajar ajiya da tura kuɗi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba talla na zo yi ba, ba kuma tonon asiri ba. Ni ce muryar da mutum ke ji idan kuɗinsa ya maƙale. Abin da ke hana manyanmu barci shi ne, mutane na sauke manhajar da yawa, su cika suna, su ɗauki hoton fuska, su zaɓi lambar sirri, su karɓi ɗan tukuicin da ake bai wa sabon shiga, daga nan sai shiru. Asusun yana nan a buɗe, amma babu shige babu fice.

Duk zaman da aka yi a kan wannan, magana biyu ake ta juyawa. Wasu su ce mutane ne ba su waye ba, a ƙara wayar da kai. Wasu su ce tukuicin ne ya yi kaɗan, a ƙara. Ni kuwa da nake yini da abin saurare a kunne, zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba.

Ga irin kiran da nake nufi. Wani dattijo ya kira yana tsaye a gaban wanda ya sayi kaya a wurinsa. An cire kuɗin daga asusunsa, can kuma bai shiga ba. Ina jiyo mai kayan daga gefe yana cewa, "Ni dai ban ga alat ba." A allon kwamfutata cinikin yana nan da launin rawaya, wato bai tafi ba, bai kuma dawo ba, yana rataye tsakaninmu da bankin da zai karɓa. Dattijon nan ya karanto mini lambar cinikin tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba, ya faɗi lokacin da ya tura har da minti. Wannan ba mutumin da ke buƙatar wayar da kai ba ne. Na karanta masa abin da aka rubuta mana mu riƙa faɗa, cewa ya yi haƙuri, kuɗin zai dawo da kansa cikin kwanakin aiki kaza. Ko tanka wannan bai yi ba. Abin da ya ce shi ne, "Yarinya, ina ofishinku yake? Wa zan je in gani?" Mu kuwa ba mu da ofishin da kwastoma ke zuwa. Sai ya ce to in faɗa masa sunana, ya sa na maimaita, ina jin yana rubutawa. Kuɗin ya dawo kamar yadda aka ce. Ranar da ya dawo, a ranar ya kwashe komai, ya bar asusun fayau.

A lissafin kamfani an warware matsalarsa, har an rufe fayil. A lissafinsa shi, an tsayar da shi a gaban jama'a ana yi masa kallon maƙaryaci, kuma babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Batun tukuici kuwa, an riga an gwada shi a ƙasa guda sukutum. A watan Satumba na 2021 gwamnatin El Salbado ta fito da manhajar Chivo, ta ce duk ɗan ƙasar da ya sauke za a ba shi bitcoin na dala 30. Mutane suka sauke. Binciken da wasu masana tattalin arziki suka fitar a 2022 ya nuna cewa mafi yawansu, da suka kashe kyautar, ba su sake waiwayar manhajar ba. In gwamnati da baitulmalinta ba ta iya riƙe mutane da kyauta ba, ban ga yadda ɗan kamfani zai iya ba.

Don haka ra'ayina, ba ranar rajista mutum ke yanke shawarar karɓar wannan fasaha ba. Ranar da abu ya fara lalacewa yake yankewa, kuma abin da yake dubawa shi ne ko akwai wanda zai kama. Sai dai na san wurin zamana ma yana iya rufe mini ido, tunda waɗanda abin ya yi wa daɗi ba sa kirana. Shi ya sa nake tambaya: a ganinku me ke sa mutum ya rungumi kuɗin waya, me kuma ke sa ya ja da baya? Yarda ce, ko tsada, ko wuyar sarrafawa, ko wani abu ne da ban hango ba?

Baba Sale

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kike sauraron mutane, ba takardar da aka rubuta miki kaɗai ba.

A bayan kanta a banki na yi rayuwar aikina, ina ƙirga kuɗi, har na yi ritaya. Abin da dattijon nan ya tambaye ki ba sabo ba ne. A zamanin littafin ajiya akwai masu zuwa ba don su ajiye ko su cire ba, sai don a buga musu hatimi, a sa hannu, su ga adadin da idonsu su koma gida. Akwai kuma wata jarrabawa da sabon kwastoma kan yi mana yana zaton ba mu gane ba. Ya ajiye kuɗi kaɗan yau, gobe da sassafe ya dawo ya ce a ba shi duka. Ba buƙata ce ta taso masa ba, so yake ya ga ko ƙofar fita tana buɗewa. In ta buɗe ba gardama, mako mai zuwa za ki gan shi da ainihin kuɗin. Ki duba bayananku da kyau. Ina kyautata zaton za ki tarar mutane na yi wa manhajarku irin wannan jarrabawar, ku kuma kuna yi musu kallon waɗanda suka ci tukuici suka gudu.

Ki dubi Kenya. Kowa na ambaton M-Pesa, tsarinsu na tura kuɗi ta waya, amma ba kowa ke kula da abin da ya riƙe ta ba. Lokacin da kamfanin waya na Safaricom ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2007, wayoyin mutane ƙanana ne masu maɓalli, saƙon tes kawai ake yi da su. Abin da kamfanin ya zuba wa ƙarfi shi ne wakilai. Ɗan shago mai koren fenti a kusa da kai, mutumin da ka sani, ka miƙa masa tsabar kuɗi, ya rubuta a littafi, ka sa hannu, saƙo ya shigo wayarka kana tsaye. Wanda ka tura wa a ƙauye shi ma ya je wurin nasa wakilin ya karɓa a hannu. Da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa bincikensu a 2016, wanda ya ƙiyasta cewa M-Pesa ta fitar da gidaje kimanin 194,000 daga talauci, ma'aunin da suka dogara da shi shi ne yawan wakilan da ke kusa da gidan mutum.

Sannan ba su ce wa mutane ku zo ku shiga zamani ba. Tallarsu ta farko magana ɗaya ce: tura kuɗi gida. Ma'aikacin da ke Nairobi, wanda ya saba ba direban mota ambulan ya kai wa mahaifiyarsa yana addu'ar Allah ya sa ya isa, ya san ciwon da ake magana a kai. Ba ma wannan ne nufin farko ba. A gwajin 2005, don biyan bashin masu ƙananan sana'o'i aka tsara ta, sai aka ga mutane na tura wa junansu kuɗi da ita, kamfanin ya bi bayansu.

Ƙarin abu ɗaya game da wakili. In mutum ya je cirewa aka ce masa babu tsabar kuɗi, ya je wurin na biyu aka ce sabis ya ɗauke, ba wakilin zai zarga ba, ku zai zarga. Kuma ba zai yi shiru ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi kuwa wannan har 'yan gidansu zai ja su gudu tare.

Nafisa

Yaya Zulaihat, a kan wannan batun nake rubuta kundin digirina na biyu, don haka a yi mini haƙuri in na ja zance.

Masana sun daɗe a kansa. A 1989 Fred Davis ya kawo abu biyu da ya ce su ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga tana da amfani a gare shi, ya kuma ga ba ta da wuyar sarrafawa. A 2003 Viswanath Venkatesh da abokan aikinsa suka tattara ra'ayoyi takwas suka dunƙule su, suka shigar da tasirin mutanen da ke kewaye da kai, da kuma ko akwai kayan aiki da mai taimaka maka. Amma ki lura, a kan ma'aikatan ofis da ɗalibai aka fara gwada waɗannan, da manhajar kwamfuta ta aiki. Ma'aikacin da manhaja ta ba shi matsala lokaci kawai ya rasa. Da aka zo kan kuɗi, dole masu bincike suka ƙara yarda da tsoron asara, don lissafin ba ya fita sai da su. Masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky sun nuna cewa zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. To kin ga tura kuɗi sau da yawa lafiya ba zai goge sau ɗayan da ya maƙale ba. Zuwa nan ina tare da ke.

Inda na rabu da ke shi ne, ina jin kin ba ranar matsala nauyin da ya fi nata. Ina zargin yawancin asusun da suka yi shiru ko kaiwa ga matsala ba su yi ba. A rahoton Global Findex na Bankin Duniya na 2021, kashi 76 cikin 100 na manya a duniya suna da asusu, daga kashi 51 a 2011, saura kimanin mutum biliyan 1.4. Da aka tambayi marasa asusu dalili, amsar da ta fi yawa ba rashin yarda ba ce, rashin kuɗin da za a ajiye ne. Tsada da nisa da rashin takardun shaida suna cikin na gaba. Mutumin da abin da ya samu da safe ke ƙarewa kafin dare, me zai kwana a asusunsa?

Rahoton ya kuma ce a Afirka kudu da Sahara, ɗaya cikin uku na masu asusun kuɗin waya ba sa iya amfani da shi sai wani ɗan uwa ko wakili ya taimaka. Dattijonki ya iya, amma ba kowa ne shi ba. Lokacin da nake tattara bayanai na zauna da wata mata, na ce ta nuna mini yadda take turawa. Ba karanta rubutun allon take yi ba. Wurin da kowane maɓalli yake ta haddace: na biyu daga sama, sai koren, sai lambobi, sai koren kuma. Yatsanta na tafiya da sauri, har ta fi ni. Da kamfanin ya sabunta manhajar ya sauya wa maɓallan wuri, a wurinta an kulle asusun ke nan. Ba ta kira kowa ba, ba ta yi ƙorafi ba, ta daina kawai. Irinta ba za su taɓa bayyana a teburinki ba, kuma injiniyan da ya yi sabuntawar yana can yana murna ya ƙawata manhaja.

Wanda na fi ba ƙarfi kuwa shi ne, kuɗi ba abin da mutum ke amfani da shi shi kaɗai ba ne. In mai biyanka albashi da mai gidan hayarka da wanda kake saye a wurinsa duk ba sa ciki, ko ka yarda da manhajar ɗari bisa ɗari, ba ta da abin da za ta yi maka. WeChat, manhajar hira ta waya, ta gane wannan a Sin. Lokacin bikin sabuwar shekararsu ta 2014 ta fito da jan ambulan na waya, irin wanda Sinawa ke sa kyautar kuɗi a ciki. Miliyoyin mutane suka haɗa katin bankinsu da manhajar, ba don wani ya wayar musu da kai ba, sai don ɗan uwa ya turo musu kuɗi suna son cirewa.

Abin da ke ba ni haushi a fannin namu, yawancin bincike niyya yake aunawa. A miƙa wa mutum takarda a ce kana da niyyar amfani da kuɗin waya, ya ce e saboda kara, a rubuta, a buga a mujalla. Ke kuwa kina zaune a kan abin da mu ba mu da shi, wato abin da mutane suka aikata. Ki nemi a raba miki asusun da suka yi shiru gida uku: waɗanda ba su taɓa sa kuɗin kansu ba, waɗanda suka sa suka yi ciniki lafiya sannan suka daina, da waɗanda suka daina bayan ciniki ya maƙale. Sai an ga girman kowane kaso za a san mai gaskiya tsakanin ke da manyanku da ni.

Hajiya Turai

Ni ba 'yar boko ba ce kamar ku, 'yar kasuwa ce, ɗana ne ke rubuta wannan ina faɗa masa. Duk kun yi ta magana a kan mai biya. Mai karɓa fa? Mai kayan nan da ya ce bai ga alat ba, ba mugu ba ne. An taɓa nuna mini hoton biya a waya, da sunana da komai, na saki kaya, har yau kuɗin bai iso ba. Tun daga nan sai wayata ni ta yi ƙara nake sallamar mutum, ko waye. In sabis ya yi nauyi, ni da shi mu yi ta kallon juna, na bayansa su gaji su tafi. Ɗana ya nuna mini wata ƙaramar lasifika da 'yan kasuwar Indiya ke ajiyewa a gabansu, kamfanin biyan kuɗi ta waya na Paytm ne ya fito da ita a 2019. Kuɗi na shiga sai ta faɗi adadin da ƙarfi, ni in ji, mai saye ya ji, hannuna na kan aiki. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya taɓa tsayawa a kasuwa.

Sai caji. Ribarmu a kan kowane kaya ba yawa, a yawan ciniki muke samu. Ban ƙi a cire ba, amma a faɗa mini kafin in danna, ba sai dare ina lissafi in ga an gutsura nan an gutsura can ba. Kuma in wanda nake sarowa a wurinsa ya ce shi tsabar kuɗi yake so, sai na sake biya kafin in cire. Kin ga an ci ni sau biyu.

Akwai kuma abin da mata ba za su faɗa wa mai takarda ba, Nafisa. Gidaje da yawa waya ɗaya ake rabawa, ko kuma yaro ne ke danna wa uwarsa. Alat na shigowa da ragowar kuɗi a rubuce, duk wanda wayar ke hannunsa ya gani. Da zarar an san adadin, buƙatu sun taso ta ko'ina, kuma ba ki da bakin cewa babu. Wata ƙawata kuwa saboda wannan ɗin take son asusun waya: wayarta ce ita kaɗai, lambar sirri na kanta, ba mai sanin abin da ta tara. Abu ɗaya ne, ya jawo wata ya kori wata.

Na ƙarshe, 'yata Zulaihat, ki kai wa manyanku. Kada mutum ya wayi gari ya ga an ƙara masa kuɗin ruwa a kan ajiyarsa ba a tambaye shi ba. Akwai waɗanda addininsu ya hana su, kuma ba za su kira ki su yi musu ba, kwashewa za su yi. Ku sa wurin da mutum zai danna ya ce ba ya so.

Injiniya Kabiru

Malama Zulaihat, ni gina irin waɗannan manhajoji ne sana'ata, kuma zan ɗan yi wa Baba Sale gardama. Baba, Allah ya ƙara girma, Pix, tsarin tura kuɗi nan take na Birazil, ba da wakilan bakin hanya ta yaɗu ba. Babban bankin Birazil ne ya ƙaddamar da ita a watan Nuwamba na 2020, cikin shekara guda mutum sama da miliyan 100 suka shiga. Kyauta ce ga ɗaiɗaikun mutane, kuɗi na isa cikin daƙiƙu, dare da rana har ranar hutu. Sannan babban bankin ya wajabta wa duk cibiyar da ke da asusu sama da 500,000 ta sa Pix a cikin manhajarta. Mutum bai sauke sabon abu ba, bai nemi sanin sabon kamfani ba, maɓalli ne ya bayyana a inda ya saba shiga, kuma duk wanda zai biya shi ma yana da shi. Matsalar da Nafisa ta kawo, doka ta warware ta tun ranar farko. In kuɗi na isa nan take, babu launin rawayan da kika ambata, babu dattijon da zai tsaya yana jin kunya. Ni a ganina maganin yawancin kiran da kike ɗagawa yana ɗakin injiniyoyi.

Indiya ta gwada tilas. Ranar 8 ga Nuwamba 2016 firayim minista Narendra Modi ya soke takardun rupee 500 da 1,000, kimanin kashi 86 cikin 100 na darajar kuɗin da ke yawo. Mutane suka ruga manhajoji don ba su da zaɓi. Da sababbin takardu suka wadata da yawa suka koma, kuma zuwa 2018 tsabar kuɗin da ke yawo ta zarce ta kafin sokewar. Abin da ya riƙe mutane daga baya daban ne: tsarin UPI da ya haɗa bankuna wuri guda, data da ta yi arha bayan shigowar kamfanin waya na Jio a 2016, da 'yar takardar QR, wadda mai saye ke haska wa wayarsa ya biya, da mai sayarwa zai manna ba tare da ya sayi na'ura ba. Daga Janairun 2020 kuma aka hana cajin 'yan kasuwa a kan UPI, wanda shi ne kukan Hajiya. A watan Agusta na 2023 an yi ciniki ta UPI sama da sau biliyan 10 a wata ɗaya.

Caji ba ƙaramin abu ba ne. Gana ta sa harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya a watan Mayu na 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, ta soke shi a 2025.

Ga manyanku masu cewa rashin wayewa ne, ki tambaye su Jamus. A binciken babban bankin ƙasar na 2023, kimanin rabin biyan da ake yi da tsabar kuɗi ne. Ba ilimi suka rasa ba, ba sabis ba. Da yawansu ba sa son a san abin da suka saya, wasu kuma sun fi iya riƙe kashe-kashensu in suna ganin kuɗin a hannu. Tsoron bayanan sirri kuma ba camfi ba ne. Manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su bi danginsa da saƙon tozarci sun ɓata wa kowa suna, har Google ta hana irinsu taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayu na 2023.

Zulaihat

Na gode ƙwarai. Baba, jarrabawar nan ta sa kaɗan a cire, na sha ganinta a allo. Nafisa, zan nemi a raba mini gida ukun, kodayake sai na bi ta wurin masu kula da bayanai, kuma ba kasafai suke son tambayar da ba daga sama ta fito ba. Hajiya, saƙonki zai isa.

Injiniya, ban yarda sauri ya kashe maganar ba. Yadda kuɗi ke isa nan take ga mai kaya, haka yake isa nan take ga ɓarawo. Pix ɗin da ka kawo, a 2021 sai da babban bankin ya taƙaita abin da mutum zai iya turawa da dare zuwa riyal 1,000 na Birazil, bayan an yi ta sace mutane ana tilasta musu turawa. A shekarar kuma ya fito da hanya ta musamman ta mayar da kuɗi ga wanda aka damfara. Birtaniya ma daga 7 ga Oktoba 2024 ta wajabta wa bankuna su biya wanda aka yaudara ya tura da hannunsa, har fam 85,000. Su ma sun ga sai an samar da wanda za a kama.

Kiran da ya fi yi mini nauyi ba na kuɗin da ya maƙale ba ne, wannan yana dawowa. Na wanda aka kira da sunan kamfaninmu ne, aka faɗi cikakken sunansa, aka ce za a rufe asusunsa in bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba. Abin da aka rubuta mini in faɗa masa shi ne, kai ka ba da lambar da kanka. Gaskiya ce, amma ban taɓa faɗarta na ga asusun ya sake motsi ba.

Hajiya Turai

To 'yata, in aka sauƙaƙa mayar da kuɗi, ni fa? Mutum ya karɓi kayana ya tafi, ya kira ku ya ce damfararsa aka yi, ku janye daga asusuna? In haka ne gara in sani tun yau in koma tsabar kuɗi.

Injiniya Kabiru

Hajiya, tambayarki a kan hanya take. A tsarin Birazil ba janyewa ake yi nan take ba. Ana riƙe adadin da ake ƙorafi a kansa, bankuna su bincika cikin kwana 7, kuma don damfara ko kuskuren na'ura aka yi shi, ba don saɓanin ciniki ba. A Birtaniya bankin da ya tura da wanda ya karɓa ne ke raba biyan rabi da rabi, kuma rigimar mai saye da ɗan kasuwa na gaskiya ba ta ciki.

Amma 'yan damfara sun riga sun samo ƙofa. Mutum ya turo miki kuɗi, ya kira ya ce kuskure ne, don Allah ki mayar, sai ya ba ki wani asusun daban. Kina turawa ya kai ƙara bankinsa cewa ke kika damfare shi, a riƙe na farkon ma. Don haka in irin wannan ta faru, kada ki yi sabuwar tura zuwa lambar da aka karanto miki a waya. Ki shiga cikin shi cinikin da ya shigo ki mayar ta can, in manhajarki na da wannan maɓallin. In babu, ki kira su Malama Zulaihat su mayar da kansu, ki kuma sa ɗanki ya ɗauki hoton komai ya adana.